Mai Kati Uku

Yayana direban tirela ne, shekara talatin da ɗaya ya yi a kan hanya. Tun ina 'yar firamare ya fara tuƙi, yanzu ga ni da furfura a gefen kunne, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya kwana wata guda cur a gidansa ba. Hanyarsa ɗaya ce. Ya ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa a wata ƙasa, ya ratso tamu, ya hau da su ƙasa ta uku, ya sauke, ya juyo. Kwana goma sha takwas ne idan ma'aikatan kan iyaka sun tashi da fara'a, idan kuwa sun tashi da haushin matansu sai abin da Allah ya yi.

Ni tela ce. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titin da ke zuwa garejinsu, keken ɗinki biyu, tebur ɗaya, da benci da ya fi ni shekaru. Duk dawowarsa nan yake fara yada zango kafin ya ƙarasa gida. Ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a kan tarin ƙyallayena, ya ce, "Auta, har yanzu kina nan kina ɓata wa mutane yadi?" Ni ce ƙaramarsu, mu bakwai, kuma shi ya saya mini keken ɗinkin farko, don haka ba ni da bakin ramawa sosai.

A gareji Mai Kati Uku ake ce masa. Dalili kuwa, a ƙarƙashin kujerar motarsa akwai wani tsohon gwangwanin biskit, a ciki akwai katin asibiti na ƙasashe ukun da yake bi. Ba ya kiran ƙasashen da sunansu. Wadda ke da tashar jiragen ruwa Teku ce, wadda yake hawa Tudu ce, tamu kuma Gida. Idan aka taɓo maganar asibiti a gabansa, to an jawo wa kai. Mutumin da bai gama aji shida ba, sai ka rantse minista ne.

"Kowace ƙasa cewa take yi lafiya ta kowa ce," in ji shi, "kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma sai ka shiga za ka ga inda aka ɗaure akuyar. Nan Gida, da katinka na ɗan ƙasa za ka ga likita ba ko sisi, kuma likitocinmu hannunsu na da kyau. Amma je tagar magani. Yarinyar da ke wurin ba ta ma ɗago kai, babu kawai za ta ce. A Teku kuwa daga albashi ake yanka, ka shiga da safe, kafin azahar an sa ka a na'ura uku an ba ka sakamako. Sai dai katin na kamfani ne. Abin da likita ya gani, kamfani ya gani, kuma ranar da aka sallame ka, ranar katin ya mutu."

"Tudu fa?" Haka nake tambaya don in ba shi hanya, ko da na ji sau ɗari.

"Tudu ba ruwansu da aikinka, adireshi kawai suke so. Magani har ka gaji da ɗauka. Amma layi, Auta! A rubuta maka ranar ganin babban likita, ka je ka yi aure ka haihu ka dawo, ba a zo kanka ba."

Katin Tudu ya samu ne ta wani abokinsa makanike da suka kama ɗaki tare a can, sunan Yaya ke kan takardar wuta. Da haka ya rarraba jikinsa kamar kayan gado. Zazzaɓi da haƙori na Gida ne. Ido da gwiwa na Teku ne, don su ke da na'ura. Abin da ya kai Tudu kuwa bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Yana alfahari da wannan dabara ƙwarai, kuma gaskiya ni ma ina jin daɗi idan na ga direbobi sun zagaye shi suna neman shawara.

Bara, wata ranar Laraba da la'asar, ya zo shago ya tarar ina fama da wata riga da na ɗinke hannunta a baibai, mai ita kuma za ta zo karɓa kafin magariba. Ya karɓi reza ya ce bari ya farke mini. Bai yi rabi ba rezar ta goce ta ɗan shafi babban yatsansa. Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na miƙa masa ƙyalle na ci gaba da aikina.

Da na sake ɗago kai, ƙyallen ya jiƙe sharkaf. Na ba shi wani, shi ma ya jiƙe. Na ɗaure yatsan da zare, na sa ya ɗaga hannu sama, jinin nan yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan siminti. Kusan minti arba'in muka yi a haka. Ni da nake yanke hannu kusan kowane mako, na san wannan ba daidai ba ne.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Rufe ƙofar tukuna."

Na rufe. Sai ya faɗa mini. Shekara huɗu da suka wuce, yana kwance a mota a Tudu yana jiran a sauke kaya, ya ji ƙirjinsa na fakar-fakar, jiri ya ɗebe shi. Makaniken nan ya kai shi asibiti. Aka ce bugun zuciyarsa ne yake tsallake wani lokaci. Aka ɗora shi a kan ƙwaya biyu, ɗaya ta daidaita bugun, ɗaya ta tsinka jini don kada ya daskare ya toshe masa jijiya. Likitan ya ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya tsallake ko kwana ɗaya, in ba haka ba ɓarin jikinsa na iya shanyewa.

"A Tudu ba su san ni direba ba ne," ya ce. "A Gida da Teku ba su san ina da zuciya ba. Kin san duk shekara sai likitan Gida ya duba fayil ɗina ya sa hannu kafin a sabunta mini lasisin babbar mota. Ranar da kalmar zuciya ta shiga fayil ɗin nan, na sauka ke nan. Yarana biyu suna makaranta. Shekara biyu kawai nake nema, su gama, in ajiye makulli da kaina."

Na ce, "Matarka ta sani?"

"Wannan? Ai kafin gari ya waye unguwa ta sani, don kuka za ta yi ta yi. Ke kaɗai ce. Ki yi mini alkawari."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na tuna girman motar da yake ja, da mutanen da ke tsallaka titi a gabanta. Na faɗa masa haka. Ya ce tun da ya fara shan maganin ko sau ɗaya abin bai sake taso masa ba. Na dubi yatsan da ke naɗe da zarena, na dubi fuskarsa, wadda ban taɓa ganin roƙo a cikinta ba sai ranar. Na ce na yi alkawari.

Bayan wata biyar ciwon ciki ya kama shi, a gefen dama, irin wanda ke naɗe ƙato kamar tabarma. Aka duba aka ce tsakuwa ce a matsarmama, sai an yi tiyata an cire. Ko a cikin wannan hali sai da ya zauna a bencina ya yi lissafin ƙasashe. Tudu sun ce ya jira wata goma sha huɗu. Teku sun ce mako mai zuwa, amma su kafin su taɓa ka sai sun bincike ka daga gashi har farce, kuma takarda za ta je kamfani. Gida aka ba shi mako shida, ga iyali kusa. Ya zaɓi Gida. An gwada zuciyarsa kafin ranar, ita kuma munafukar ta yi lamo kamar ba ita ba.

Ranar tiyata ƙarfe bakwai na safe muka isa, ni da shi da matarsa. An ce kada ya ci komai tun daren jiya, kuma bai ci ba, don Yaya mutum ne mai bin dokar likita. Matarsa ta shiga karɓo fayil. Muna tsaye a gindin famfon da ke bakin ƙofa sai na ga ya zuge jaka, ya buɗe gwangwanin biskit, ya ɓalli ƙwaya biyu, ya kora da ruwa cikin tafin hannu.

Na ce, "Yau ma?"

Ya ce, "Ko kwana ɗaya, haka likitan ya ce." Ya miƙo mini jakar. "Riƙe wannan. Kada ki ba kowa."

Ɗakin da aka kai shi gado shida ne, da labule kore tsakanin kowane biyu. Aka ba shi rigar nan mai ɗauri a baya, wadda ko ni da na ɗinka hannu a baibai ba zan yi irinta ba. Wata nas doguwa mai tabarau ta zo da fom, tana tambaya tana sa alama.

"Baba, ka ci wani abu?"

"A'a."

"Akwai maganin da jikinka ba ya so?"

"Babu."

"Kana shan wani magani kullum? Na hawan jini, na suga, na zuciya?"

"Babu ko ɗaya, 'yata. Ni da kike gani ko ciwon kai ba na yi."

Ya faɗa yana murmushi, bai ko kalli inda nake ba. Nas ta sa alama ta wuce gado na gaba, inda wani dattijo yake kwance da ɗansa a gefe. Labule ne kawai tsakaninmu, don haka komai a kunnena. Ta yi masa tambayoyin nan, ɗan ya ce mahaifinsa yana shan maganin tsinka jini. Ta ce yaushe ya daina. Ya ce ai bai daina ba, sun manta.

Muryar nas ɗin ta canza. "Haba bawan Allah! Ba an rubuta muku a daina kwanaki kafin yau ba? So kuke a buɗe shi jini ya ƙi tsayawa? Wallahi likita ba za ta taɓa shi ba. Ku sa masa kayansa, a ba ku wata rana."

Ban yi karatun likita ba, amma na ga abin da yanka kamar ƙwayar shinkafa ya yi a shagona. Na aiki matar Yaya ta sayo ruwa, don kawai ta ba mu wuri. Na matsa kusa da kunnensa.

"Yaya, ka ji?"

"Na ji. Nasa daban ne. Tsoho ne."

"Iri ɗaya ne, ka sani. Ka faɗa musu."

"Ƙaramin aiki ne, Auta. Huda uku za su yi, ba yanka ba. Na tambaya."

"Wa ka tambaya? Wa ya san kana sha, balle ya ba ka amsa?"

Na ga gumi a goshinsa, alhali fanka na juyawa a kanmu. Wato shi ma tsoron yake ji. Ya riƙo hannuna ya matse har sai da zobena ya shige mini nama.

"Shekara biyu," ya ce. "Idan na sauka yau, wa zai ɗauke su? Ke da kekenki? Kin yi mini alkawari. Ban taɓa roƙonki komai ba sai wannan."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Sai matarsa ta dawo, a bayanta kuma ga ma'aikata biyu da gadon turawa. Ya hau da kansa, har yana yi musu barkwanci wai su riƙe hannunsu na dama, su kula da kwana. Muka bi su ta wani dogon baranda, muka wuce ɗakin gwajin jini, muka wuce masu jira a kan benci. A ƙarshe akwai ƙofa mai murfi biyu da jan layi a ƙasa. Nan aka ce mu tsaya.

Muka zauna. Matar Yaya tana ta addu'a ƙasa-ƙasa, tana ce mini in kwantar da hankalina, ai yayana ƙarfe ne. Jakar tana kan cinyata, ina jin gefen gwangwanin ta cikin yadi. Akwai agogo a bango, ƙarfe tara saura minti goma. Na ce a raina wataƙila da gaske ƙaramin aiki ne. Wataƙila suna da dabarar tsayar da jini. Wataƙila ni ce mai ƙaramar zuciya, zan je in rushe wa mutum shekara talatin a kan abin da ban sani ba. Sai na tambayi kaina, idan likita ta fito tana cire safar hannu tana girgiza kai, me zan ce wa matar nan? In ce na sani, amma na yi alkawari?

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsallake jan layin na tura ƙofar. Wani ma'aikaci ya tare ni yana cewa, "Ke baiwar Allah, ina za ki? Ba a shiga!" Na ce masa ya kira mini likita ko in yi ihun da duk asibitin zai taru. Ina jin ya ga alamar zan aikata. Likitar ta fito, mace ce gajera, ta riga ta sa hula da takunkumi, hannayenta a ɗage suna ɗigar ruwa. Na buɗe gwangwanin kawai na miƙa mata.

Ta sa nas ta ɗaga kwalin maganin ta karanta. Ta ce, "Yaushe ya sha na ƙarshe?"

"Yau da safe. Ƙarfe bakwai."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta juya ta ce da ƙarfi, "Kada a ba shi allurar barci. A fito da shi."

Aka turo shi idonsa biyu. Ya ga gwangwanin a buɗe a hannun nas, ya ga katunan nan uku a zube a kan tire, sannan ya dube ni. Na sha ganin fushin Yaya, amma wannan ba fushi ba ne. Kallo ne irin wanda ake yi wa baƙo.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ja kujera ta zauna a gefen gadon ta yi ta tambaya, shi kuma yana amsawa kamar mai laifi a gaban alƙali. Wane asibiti a Tudu, tun yaushe, me ake ba shi a Teku. Ashe har maganin gwiwar da yake karɓa a Teku ba a haɗa shi da na tsinka jini, shekara biyu yana haɗawa. Ta ce kowane likita a cikin ukun ya yi aikinsa daidai, amma ba wanda aka bari ya ga mutumin gaba ɗaya. Sai ta buɗe fayil ta zare biro.

Yaya ya ɗaga kai daga matashi. "Likita, don girman Allah, a bar shi a baki mana. Na ji, zan kiyaye. Ba sai an rubuta ba."

Ta ce, "Baba, rashin rubutawar ne ya kusa kashe ka yau." Ta rubuta. Ya bi biron da ido har ta kai ƙarshen shafi.

An yi tiyatar bayan mako uku, bayan likitar ta yi magana da na Tudu sun tsara yadda za a dakatar da maganin a kuma mayar. Lafiya lau aka gama. Bayan wata huɗu lokacin sabunta lasisi ya zo, aka ce ƙaramar mota dai ya tuƙa, babba kuwa a'a. Kamfani ya sallame shi cikin mutunci, katin Teku ya mutu kamar yadda ya sha faɗa. Maganin zuciyar wani watan a samu a tagar Gida, wani watan a ce babu, sai makaniken nan ya karɓa a Tudu ya ba direbobi su taho da shi. Yanzu a ƙofar gareji yake aiki, yana ɗaga wa motoci sanda su shiga su fita, ciki har da tasa, wadda aka ba wani. Babbar 'yarsa ta dakatar da karatu ta kama aiki a wani kanti don ƙanenta ya gama.

Matarsa ta zo har shago ta rungume ni tana kuka tana godiya. 'Yar kuwa, da na ba ta haƙuri, cewa ta yi, "Gwaggo, karatu yana nan, zan koma." Shi ne dai bai ce komai ba. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba, ko a taron dangi ba ya nuna wani abu. Wani lokaci ina kwance sai in ji haushinsa ya cika ni, in ce mutum a cece shi ya riƙa yi wa mutane fuska. Wani lokaci kuma in tuna yarinyar nan a bayan teburin kanti tana ɗaure wa mutane kaya, in ji kunya ta rufe ni, don ni na jawo.

Kowace safiya idan zan tafi shago nakan zagaya ta ƙofar garejin, ko da yake hanyar ta fi nisa. Ina tarar da shi a kan kujerar roba, da sandar a gefensa. In ce, "Yaya, ina kwana?" Ba ya ɗago kai. "Lafiya," kawai yake cewa, a taƙaice, a bushe. Abin yana yi mini ciwo har yau. Amma na san in da na yi shiru, da a maƙabarta zan riƙa zuwa gaishe shi, kuma a can ba a amsawa.